Kowa da Gatarinsa

Daga Gidan Sori zuwa Gidan Rumji, ko ka miƙa gabas ta Agiye har Gazawa, in bazara ta kawo kai za ka yi ta ganin mutane tsaye bisa kututture, gatari a kafaɗa, suna shawara da zuciyarsu. Sassaben zamani ke nan. Maimakon a share gona fes a cinna wa toho wuta kamar da, sai a zaɓi rassa biyu zuwa biyar mafiya ƙarfi a kututturen kalgo ko sabara ko gawo, a sare sauran, waɗanda aka bari a rage musu ƙananan rassa har rabin tsayinsu. Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi a lokacin, shi ya fara yaɗa dabarar a 1983. Yau ana ƙiyasta ta mamaye hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Sai dai masu riƙe da gatarin kowa da halinsa.

Akwai Baba mai gona fes. A wurinsa icce a tsakar gona shaidar ragwanci ce, kuma masaukin tsuntsayen da za su cinye hatsi. In ya wuce gonar ɗan ƙanensa sai ya tsaya ya ce, "Kai yaro, wannan gona ce ko daji?" Amma rana na take tsaka, a inuwar gawon yaron za ka same shi yana shan fura. Da rani kuma jikokinsa ne ke riga kowa tsintar 'ya'yan gawon, domin ragon layyarsa bai san ra'ayin maigidansa ba. In ka nuna masa yadda hatsi ya fi kauri a gindin iccen, tunda gawo yakan zubar da ganye da damina, sai ya ce ai shanu ne suka kwana a wurin.

Mai sassaben furoje kuwa yana da tarihi. Lokacin yunwar 1984 an riƙa ba mutane abinci don su bar itatuwa a gonakinsu, kuma da rabon ya ƙare aka sare kusan kashi biyu cikin uku. Jikan waɗancan yana nan da ransa. Bakin hanya kawai yake gyarawa, inda farar mota ke bi, ya ɗaura wa kowane reshe jan ƙyalle don a hango daga nesa. Kafin baƙo ya gama sallama ya tambaya, "Me aka kawo mana?"

Mai tausayi shi ba ya iya sare komai. Toho ashirin ne a kututture, ashirin ɗin zai bari, wai kowane da rabonsa. Bayan shekara uku ba azara ba inuwa, sai kurmin macizai.

Wanda ya fi ba ni haushi, ya kuma fi ba ni dariya, shi ne gwanin cikin gari, mai gyaran dogon yaro a tsakar gida da ƙofar masallaci. Shi kaɗai ne a cikinsu ya mai da abin sana'a, yana da igiya da adda da yaro mai amalanke. Matsalar tana wurin ciniki. Maigida ba ya son fitar da jika biyu, sai ya ce, "Malam, ka rage min rassan da suka hau rufi, itacen ya zama ladanka." To ai magana ta ƙare. Wanda ladansa itace ne, wane reshe zai gani bai hau rufi ba? Ka tafi kasuwa ka bar icce mai inuwar mutum talatin, ka dawo ka tarar an yi masa askin ƙwal-ƙwal irin na jariri ranar suna. Addar ma ba ta da kaifi, kuma daga sama yake saro reshe ya yago ɓawon, alhali ƙa'ida a fara sara daga ƙasa don kada a buɗe wa gara ƙofa. In reshe ya rushe katangar maƙwabci, ko ya tsinke wayar lantarki, daga can sama zai leƙo ya ce, "Alhaji, haka Allah ya ƙaddara." Uwargida ce ke biyan sauran kuɗin, domin ita za ta yi daka a rana har ganye ya dawo.

Sai mai aikin dare. Bai taɓa gyara icce ba, amma ya san ranar da na kowa ya isa sara. Da safe kowa ya ce makiyaya ne da barandaminsu, ko da kuwa sawun ya miƙe har ƙofar gidan surukin mai gonar. Saboda irinsa ne ƙauyuka kamar Ɗan Saga a yankin Agiye suka kafa kwamitin sa ido, daga nan kuma aka haifi ɗan kwamiti, mutumin da ya san yawan kalgon gonarka fiye da yawan 'ya'yansa, wanda in ya ga mace da ɗaurin ƙirare sai ya duba bakin saran kafin ya amsa gaisuwa.

Sabon shiga shi ne lauyan gindin icce. Tun da gwamnati ta fitar da dokar Yulin 2020 da ta ba manomi iko da iccen da ya raina, ba ya buɗe baki sai da ita, har ma'aikacin gandun daji yake yi wa karatu. Abin da ba ya faɗa shi ne gonar aro ce. Mai ita yana ci-rani a Katsina, kuma ya riga ya aiko saƙo cewa bana yana son azara shida.