Suna Linzami: Jinjina ga Katin da Ke Ƙirjin Nas

A duk faɗin asibiti babu mai kyauta irin ɗan katin nan da ke rataye a ƙirjin nas. Likita sai an bi layi ake ganinsa, magani sai an biya, gado sai an taki sa'a. Shi kuwa kati ko sisi ba ya karɓa. Da ka ɗaga ido zai miƙo maka hoton baiwar Allah, da sunanta na yanka, da sunan mahaifinta ko na mijinta, da muƙaminta, da sashen da take aiki, cikin manyan baƙaƙe don kada mai raunin gani ya ce an ware shi. Ba ya tambayar ko kai wane ne. Ba ruwansa da ko a buge ka shigo, ko yanzun nan ka gama rantsuwa cewa sai ka ga bayanta. Irin wannan adalci bai kamata ya wuce ba a yaba masa ba.

Sai dai yabon kati yabon masu shi ne. Saboda haka sannunku da ƙoƙari, shugabannin asibitocin Amurka da takwarorinku na ko'ina da kuka dage a kan sai an rubuta cikakken suna. Allah ya ƙara basira. Kuna can hawa na sama, kafin a iso gare ku sai an wuce maigadi, an wuce sakatare, an wuce ƙofar da ba ta buɗuwa sai da lambobi, amma duk wannan bai hana ku tuna haƙƙin majinyaci na sanin wanda ke taɓa jikinsa ba. Hausawa sun ce suna linzami ne. Ku kuma da yake ba ku da rowa, sai kuka ɗauki linzamin ma'aikaciyarku kuka rataye a inda hannun kowa zai kai.

Abin da ya ƙara burge ni shi ne yadda kuka iya zaɓe. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ta nuna cewa a shekarar 2018, cikin raunukan da ma'aikata suka samu a bakin aiki sakamakon farmaki, waɗanda ba su kai ga rasa rai ba, kashi 73 cikin ɗari a kan ma'aikatan lafiya suka faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce tsakanin kashi 8 zuwa 38 cikin ɗari na ma'aikatan lafiya sukan sha duka ko makamancinsa a tsawon rayuwarsu ta aiki. A duniya kuwa, cikin nas goma kusan tara mata ne. Wato kun duba, kun ga inda mari ya fi sauka, kun ga kuma mata ne suka fi yawa a wurin, sai kuka ce to, waɗannan su ne suka fi dacewa a tallata sunayensu. Wani mai ƙaramar zuciya da tsoro zai kama shi. Ku kam kun yi ta maza, da ƙirjin wasu.

Mu leƙa sashen gaggawa da ƙarfe biyun dare mu ga kati a bakin aikinsa. Ga wani an kawo shi, yana neman a yi masa allurar kashe zafi mai ƙarfi, likita ya duba ya ce a'a. Likitan ya rubuta abin da zai rubuta ya wuce gado na gaba. Wadda za ta tsaya ta isar da saƙon, ta ɗaura masa abin awon jini, ta sunkuya ta nemi jijiya a bayan hannunsa, ita ce nas. Lokacin da ta sunkuya, igiyar wuyanta ta saki kati yana lilo daidai saitin hancinsa. Mutumin ya daina ihu. Ya kama katin da yatsu biyu, ya karanta sunan a hankali, na farko da na biyu, kamar mai bitar hadda, sa'an nan ya dube ta ya yi murmushi ya ce ai za su haɗu. Wayarsa na ɗaya hannun. Ita kuma dole ta ƙarasa saka masa ƙarin ruwa, ta manna filasta, ta tambaye shi ko akwai abin da yake bukata. Ku dubi yadda kati ya kwantar da hankalin majinyaci cikin daƙiƙa biyar, abin da maganin barci ma bai yi ba.

A da, suna a bakin mugu bai wuce abin zagi ba. Yanzu albarkacin intanet, aikin kati ya bunƙasa. Kafin a sallami mutumin nan ya riga ya buɗe Facebook da Instagram ya ga hoton bikinta, da fuskar 'yarta, da bajen makarantar da ke jikin rigar yarinyar. Hukumomin ba da lasisin jinya na jihohin Amurka suna da rajistar da kowa ke iya bincikawa da suna, a wasu jihohin har da garin da mutum yake. Akwai kuma kamfanoni irin su Spokeo da Whitepages da sana'arsu ke nan, ka ba su suna da 'yan daloli, su ba ka adireshi da lambar waya da sunayen 'yan gida. Duk wannan doguwar sarƙa ba ta motsi sai da zobenta na farko, wato suna na biyu. Shi ne kuwa asibiti ke bayarwa fisabilillahi.

'Yan uwanmu da suka tafi aikin jinya Ingila da Amurka su ne suka fi kowa morar wannan alheri. Baturiya mai suna irin na kowa tana iya ɓacewa cikin dubban takwarorinta. Bahaushiya kuwa wataƙila ita kaɗai ce mai wannan suna a jihar baki ɗaya, bincike ɗaya ya isa. A gida ma ba a bar mu a baya ba, don mu sunanmu na biyu sau da yawa adireshi ne da kansa. Mutum nawa ne ke amsa sunan garinsu, Funtuwa ko Kazaure ko Gumel? Mutum nawa ne a Kano ke amsa sunan unguwa, Yakasai ko Fagge ko Gwammaja? Wanda ya karanta irin wannan kati ba ya bukatar kwamfuta. Ya hau adaidaita sahu ya sauka a bakin unguwa, ya tambayi mai shayi gidan su wance da ke aikin asibiti, yaro zai raka shi har ƙofa. Mu ne mutanen da uwa ke jin nauyin kiran sunan ɗanta na fari, mace ke sakaya sunan mijinta. Kati ya zo ya yaye mana wannan tsohon yayi, ya koya mana cewa sunan mace da na ubanta abin mannawa ne a gaban riga.

Kada a ce asibiti bai san darajar sirri ba. Ya sani ƙwarai. Tun 1996 Amurka ke da dokar da ake kira HIPAA, wadda ke kare bayanan majinyaci. Nas ɗin nan idan ta buɗe fayil ɗin wanda ba ita ke kula da shi ba, kwamfuta za ta tona ta, tana iya rasa aikinta. Idan ta koma gida ta faɗa wa maƙwabciyarta sunan mutumin da ya yi mata barazana da cutar da ta kawo shi, ita ce mai laifi. Kuma daidai ne, sirrin marar lafiya amana ne. Hikimar tana ga yadda aka raba amanar: shi ya san sunanta cikakke kuma yana da 'yancin shelanta shi a inda ya so, ita ta san nasa kuma dole ta kama bakinta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu yin doka su ma sun cancanci nasu kason. A 2010 jihar Fensilbeniya ta yi dokar da ta wajabta wa ma'aikatan lafiya sanya katin shaida mai hoto da suna da muƙami. Da yake masu tausayi ne, sai suka buɗe wata 'yar ƙofa: ana iya ɓoye suna na biyu idan majinyacin ya nuna alamun tashin hankali ko gushewar hankali. Madalla da wannan tsari. A jira sai mutum ya fara jifa da kujera, sa'an nan nas ta ce masa ya dakata tukuna, ta juya katinta, shi kuma don mutunci ya manta abin da ya karanta awa uku da suka wuce. Shi kuwa wanda bai yi ihu ba, wanda ya kwanta lamo yana yaba kyawun idonta har aka sallame shi, ya koma gida ya fara aiko mata da saƙo da tsakar dare, dokar ba ta ga alamar komai a tare da shi ba. Kalifoniya kuma ta ce a rubuta suna da matsayin lasisi da baƙaƙen da ba su gaza lamba 18 ba a ma'aunin masu ɗab'i, amma ta yarda a sassauta a sashen masu taɓin hankali saboda tsaron ma'aikaci. Ashe dai an san suna na iya jawo wa mai shi bala'i. An dai yi ittifaƙi ne cewa mugun nufi ba ya shiga asibiti sai ta wannan sashe ɗaya.

Masu kare kati suna da hujja, kuma ba zan raina ta ba. Wanda ke kwance rai a hannun Allah, baƙin fuskoki na shiga suna fita suna soka masa allura, yana da haƙƙin a gaishe shi a ce masa ga wadda ta zo. Abin da Dakta Kate Granger ta nema ke nan, likitar nan ta Ingila da ciwon daji ya kwantar, wadda a 2013 ta lura cewa masu kula da ita ba sa ko gabatar da kansu, ta fara yekuwar a riƙa cewa sannu, sunana wance. Ta rasu a 2016, kuma kiran nata ya gyara halin ma'aikata da yawa. Gaisuwa ta nema da mutuntawa, kuma sunan farko ya wadatar da wannan. In kuwa don a kama mai sakaci ne, ai duk allurar da nas ta yi tana rubuce a fayil da sa hannunta da lokacin da ta yi, jadawalin aiki na nan a ofishin shugabar sashe. Sunan farko da muƙami da lambar ma'aikaci sun isa a kai ƙara har gaban hukumar lasisi. Ɗan sandan Ingila lamba ce a kafaɗarsa, kuma da ita ake kai ƙararsa. Amma wannan hanya ta yi sauƙi da yawa, ba ta kuma cin kuɗi sai na sake buga kati, ina martabar babban asibiti a ce ya bi ta?

Shi ya sa nake goyon bayanku a kan masu taurin kan nan da ke yanko ɗan filasta su liƙe a kan suna na biyu, ko su juya katin ya fuskanci riga, ko su rataya biro da almakashi a gabansa. A kira su ofis, a ba su takardar gargaɗi, ai sun karya ƙa'idar tufafin aiki. Bayan haka a tara su a ɗakin taro a koya musu tsaron kai kamar yadda aka saba: su rufe shafukansu na sada zumunta, su sauya sunan da suke amfani da shi a can, su cire hotunan 'ya'yansu, kada su fita wurin ajiye motoci da dare sai da maigadi. Wannan shi ne ƙarshen gwaninta. Mace ta ɓoye sunanta na gaskiya ga ƙawayenta da danginta, ta koma amsa laƙabi a rayuwarta ta gida, domin kati ya samu damar ci gaba da nuna shi ga baƙi.

Abin takaici, Fensilbeniya ba ta iya riƙe wannan gado ba. A 2020, bayan shekara goma ma'aikatan jinya na kuka, Gwamna Tom Wolf ya sa hannu a dokar da ta yarda a cire suna na biyu daga katin. Asibitocin jihar ba su rushe ba, majinyata ba su daina gane masu kula da su ba, ƙorafi bai daina isa inda ake kai shi ba. Ku dai da kuka rage, kada wannan ya karya muku gwiwa.

Ita kuwa waccan ta sashen gaggawa ta tashi aiki ƙarfe bakwai na safe. A bakin ƙofa ta cire katin ta cusa shi can ƙasan jaka, ƙarƙashin kwanon abincinta. Ta tsaya ta dubi motocin da ke jere ɗaya bayan ɗaya kafin ta taka zuwa tata, ta kulle ƙofofi tun ba ta tayar da inji ba. A hanya ta wuce kwanar gidansu da gangan, ta zaga ta bayan layi tana kallon madubi. Da ta shiga gida 'yarta na shirin makaranta. Wayarta ta yi ƙara, saƙon neman abota ne daga wani da ba shi da hoto, an turo shi ƙarfe uku da kwata na dare.