Yadda Ake Ba Kowa Adireshi da Sunansa Ba Tare da An Rasa Ƙofar Gida Ba

Adireshin ƙawa shi ne wanda sunan mutum ke biyo bayan sunan shafi kai tsaye, irin na GitHub, maimakon dogon jerin lambobi. Facebook ya fara raba irinsa a watan Yunin 2009. Tunda kowa na son ganin sunansa a sama, dole mai gina manhaja ya iya tsara shi.

A Django da Rails, kayan aikin gina shafukan intanet, ana duba jerin hanyoyin adireshi daga sama zuwa ƙasa, wadda ta fara dacewa ita ke karɓar baƙo. Hanyar suna kuwa makwaɗaiciya ce, duk abin da aka miƙo mata sai ta haɗiye. Don haka a zaunar da ita can ƙarshen layi, kamar yaro mai babbar loma da ake bari sai kowa ya ɗiba. In aka sa ta a farko, mai neman shafin shiga zai tarar manhaja na cigiyar wani bawan Allah mai suna "login".

Wannan kaɗai bai isa ba. A tanadi jerin haramtattun sunaye tun kafin a buɗe rajista: admin, settings, help, api, har da shafukan da ba a gina ba tukuna. Wanda ya riga ya kama suna ba ya sakinsa da daɗin rai. Mai gudun wannan rigima sai ya bi sawun YouTube, wanda ya sa alamar @ gaban sunaye a 2022, ko Reddit mai amfani da /user/.

A mayar da sunaye ƙananan baƙaƙe kafin a kwatanta su, kada Musa da MUSA su zama mutum biyu. A kuma yanke shawara kan baƙaƙe masu lanƙwasa, domin tsarin slug na Django, mai tantance baƙaƙen adireshi, bai san su ba, kuma ƙ a cikin adireshi takan rikiɗe ta koma %C6%99.

Sunan da babu shi a ba shi amsar 404, wato ba a samu ba. Wanda ya canja suna a tura baƙinsa sabon adireshi da amsar 301, wato ƙaura ta dindindin, a kuma killace tsohon na ɗan lokaci, kada wani ya kama shi ya gaje masu ziyara.