Noti Ɗaya Mai Kunne Biyu

Da Kawu ya rasu ya bar gona, da awaki, da wata jar mota da kowa ya kau da kai daga kanta ranar rabon gado. Ni na ce a ba ni. MGB ce ƙirar Ingila, irin wadda aka yi ta ƙerawa a garin Abingdon daga 1962 zuwa 1980. Kujera biyu, rufin tamfol, sitiyari a dama, don ta shigo ƙasar nan tun kafin 1972 da muka bar tuƙi ta hannun hagu. Ta yi shekara da shekaru a rumfar bayan gidanmu a Taura, har kaji sun mai da ita akurki.

Burina ba mai yawa ba ne: in shiga kasuwar Gujungu ran Lahadi a cikinta, gwiwar hannu a waje, abokan wasana su gani su haɗiyi yawu.

Wani bakanike daga Ringim ya yi sati uku ya tashi injin. Saura tayar baya ta dama da ta kwanta. Na ce wannan kuma ai ba sai an biya kowa ba. Na ɗauko jak da sifana na durƙusa, sai na ga babu notin da zan kama. Wilin duk wayoyi ne kamar na keke, a tsakiyarsa ga wani ƙaton marufi mai sheƙi guda ɗaya, da kunnuwa biyu kamar na zomo. Ashe shi kaɗai ke riƙe da tayar, kuma da duka ake kwance shi.

Duka kuwa na iya. Na aro guduma na shiga sauke masa ta hagu, yadda ake kwance kowane noti tun da aka fara duniya. Ko gezau. Na tuɓe riga. Yara suka taru, mai rake ya matso da baronsa. Da azahar na kira maƙeri, ya zo da gudumar da yake ƙera garma da ita, ya tofa yawu a hannu. Kafin la'asar kunne ɗaya ya lanƙwashe kamar na karen da ya sha faɗa.

Sai ga Baba mai gyaran keke yana dawowa daga masallaci. Ya tsaya ya daɗe yana kallonmu, sannan ya sa gefen babbar rigarsa ya goge marufin. Ga wata kibiya an zana a jiki, da rubutun Turanci, tana nuna inda ba mu taɓa dosa ba.

"Ɗana, tun safe ɗaure shi kuke yi," in ji shi. "Ba ka taɓa cire fedar hagu ta keke ba? Ita ma baibai take kwancewa."

Daga baya na gane hikimar. Tun farkon ƙarnin da ya wuce kamfanin Rudge-Whitworth ya fito da wannan dabara, don masu tseren mota su canja taya cikin ƙiftawar ido. Marufin hagu murɗinsa irin na kullum ne, na dama kuwa baibai, saboda in mota na tafiya gaba su riƙa ƙara ɗaure kansu. Ana ɗaure shi taya na sama a kan jak, an shafa giris, ana buga kunnen sama zuwa bayan mota, da gudumar dalma ko ta jan ƙarfe wadda ba ta cin jikinsa. Gudumar garma ba ta cikin lissafin Bature.

Amma a ranar, abin da na ɗauka kawai shi ne wai yana ɗaure kansa. Da aka yi faci aka mayar da taya, na murza marufin da hannu, a hankali, kamar mai rufe kwalbar turare. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Batir kuma ya mutu. Motar ta ba bango fuska, lungu ga tsawo, sai maƙwabcina ya kawo shanun amalankensa aka ɗaura igiya a bayanta. Da baya-baya suka ja ni, ina zaune ina ɗaga wa jama'a hannu. Abin da ke ɗaurewa in ana tafiya gaba, kowa ya san me zai yi in an juya. Kowa ban da ni.

Daf da bakin titi na ji wani abu ya faɗi ƙwal, mota ta durƙusa, hulata ta yi nata wuri. Tayar ta wuce ni cikin natsuwa, ta bi gangare, ta je ta kwanta a gindin teburin mai shayi. Shanun ma sai da suka waiwayo.

Gwaggo ta leƙo daga zaure ta ce, "In kun gama, ku mayar min da ita rumfa. Kazata na kan ƙwai a ƙarƙashin kujera."

Ran Lahadi na je Gujungu a bayan acaɓa, ina bin 'yan gwangwan ina tambayar wanda ke da dalma.