Wasiƙa daga Deira zuwa ga bawana

Zuwa ga taubashina, bawana ɗan Gwaggo,

Mu nan Dubai lafiya lau, sai godiyar Allah.

Saƙonninka duk sun iso: na turare, na agogo, da wanda ka ce in nemo maka aikin ofis mai kujerar juyawa. Kai da ba ka fita gona sai hantsi ya dubi ludayi! To, albishirinka, ubangidanka ya samu aiki. Ajiye mini farin goro, ka gyara zama.

Ku a gida kun ɗauka mutum na sauka daga jirgi Balarabe zai tare shi da makullin mota. A ƙasar nan, cikin mutum goma kusan tara baƙi ne: Indiyawa, 'yan Pakistan, Bangladesh, Filifin, Masar, Uganda, kowa da CV a hannu. Da sassafe za ka gan mu cunkushe a jirgin ƙasan da aka buɗe a 2009, wanda ke tafiya ba direba. Da kai ne, da ka tsaya neman kwandasta ku yi ciniki. Kati ake dangwalawa, sunansa Nol. Cin abinci a ciki tarar dirhami 100 ce, tsallaka titi inda ba a yarda ba kuwa 400. Da gyaɗar nan ta aljihunka da halinka na yanke hanya, kafin azahar ka cinye albashin wata.

Masauki kuwa, mai neman aiki gado yake haya, ɗakin na kowa ne. Gadajen ƙarfe ne masu hawa biyu, na ƙasa ya fi tsada. Kowa ya rataya zane ya kewaye nasa, jakarsa a ƙarƙashi, takalma jere a bakin ƙofa. Wannan na soya albasa, wancan na waya da matarsa a Kamfala. Mutanen kirki ne, amma minsharinka ba za su iya da shi ba, taron gaggawa za su kira.

Ofis bayan ofis, magana ɗaya ce: ka taɓa aiki a nan ƙasar? Tura takardunka ta imel, za mu kira ka. Sai ka koma kana ta duba waya.

Rabona ashe a Deira yake, wajen kasuwar Naif, inda alhazai da hajiyoyin Kano da Maraɗi da Damagaram ke sarin abaya da turare da wayoyi. Na shiga wani shagon kago in gaisa da mutanenmu, na tarar da wata hajiya ta tsare mai shagon, Ba'indiye, a kan kuɗin kilo. Shi yana nuna mata sikeli, ita tana cewa ya dubi Allah ya rage. Shi na kaɗa kai alamar ya ji, ita ta ɗauka ƙi yake yi, sai ƙara ɗaga murya take. Na yi sallama na shiga tsakani, na fassara wa kowa, aka daidaita, ta tafi tana sa mini albarka. Mutumin ya dube ni ya tambayi inda nake aiki. Yanzu ni ke karɓar baƙinsa, in auna kaya, in rubuta suna a kwali, in naɗe da salatif. Hausar da kake ɓarnatarwa kyauta a majalisa, ita ke ciyar da ni.

Yanzu buɗe kunnenka, wannan ba wasa a ciki. Bizar ziyara ba ta halatta aiki. Kamfani ne zai ba ka takardar ɗauka, ya nemo izini daga ma'aikatar ƙwadago, a yi maka gwajin jini da hoton ƙirji, sannan ka samu katin zama. Doka ta ɗora kuɗin wannan duka a kan kamfani, ta kuma hana shi riƙe maka fasfo. Duk wanda ya ce ka biya shi ya ba ka aiki, ɗan damfara ne. Biza ta ƙare kana nan, kullum dirhami 50 ke hawa kanka. Na ga samari majiya ƙarfi da wannan bashi ya hana su komawa gida. Don Allah, don Annabi, kada ka sayar da gonar Gwaggo ka miƙa wa ejan. In da gaske kake, koyi walda ko aikin lantarki ko gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ka samu takardar shaida. Mai sana'a a hannu ya fi saurin samun shiga.

Na san ka riga ka buga lissafi: dala ɗaya dirhami 3.67, ka juya zuwa naira, har ka zaɓi fentin gidan da zan gina maka. Cire kuɗin gado, da abinci, da Nol, ka sake bugawa.

Abu ɗaya zai burge ka. Saboda tsananin zafi, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana aiki cikin rana daga 12:30 zuwa 3:00. Dokar da kai ka daɗe da kafa wa kanka, shekara ta zagayo ba fashi.

Kuɗin shararka na bana na aika ta hannun Gwaggo, don na san hannunka. Ka gaida Baba da Inna, ka ce musu ina cin abinci, ina sallah a jam'i, su ci gaba da addu'a. In wani alhaji zai taso, a ba shi kuka da daddawa da yaji. Kada ka ɗanɗana yajin, na san nauyin ƙullin Inna, kuma sikeli ne aikina.

Naka,
Ubangidanka ɗan Kawu