Kantar Kawu da Farin Hayaƙi

A Aliero, idan hunturu ya kankama, abu biyu ne ba sa son tashi da asuba: ɗalibin da ya zo hutu da tsohuwar motar gas. Kawuna yana da duka biyun a gida. Ɗalibin ni ne, motar kuwa wata Kanta ce da ta girme ni, wadda yake loda wa albasa zuwa Yawuri. Yaron motar ya tafi biki, sai Kawu ya ce boko ba ya hana ɗaukar waji.

Ranar tafiya direba ya murɗa makulli. Kanta ta yi tari, ta yi kakari, sannan salansa ta saki farin hayaƙin da ya rufe layin, har mai shayi ya miƙa kofi ga wanda bai biya ba. Da inji ya ɗumama, hayaƙin ya ɓace, amma likitoci sun riga sun taru. Mai shayi ya ce ruwa ne a cikin gas ɗin bumburutu. Wani dattijo ya ce bakin mutane ne, a nemi rubutu. Direba ya ce gasket ne. Da jin haka Kawu ya dafe aljihu, ya ce da shi za a tafi.

Muka tsaya Jega wajen wani bakanike, rana ta take, inji ya yi zafi rau. Ya leƙa salansa, bai ga hayaƙi ba, amma bai ga dalilin barin kuɗi su wuce ba. Ya tsiyaye tanki, ya canza filta, ya tayar da mota, ya ce: "Kun gani? Tas!" Kawu har da tukuici.

Taya ta yi mana faci, dare ya riske mu a Maiyama, muka kwana kan buhuna. Da asuba Kanta ta ce ba ta san zancen ba. Direba ya yi ta murɗawa har batir ya fara nishi. Aka tara matasa aka tura. Tana kamawa ta zabura, ni da na jingina ƙarfina a kanta na bi iska, na sauka kan hannu, hayaƙi ya lulluɓe ni, sannan ta sake mutuwa. Direba ya fara tattara kara zai hura wuta ƙarƙashin inji.

A nan wani tsohon bakanike da ya fito masallaci ya tsaya.

"Yaro, albasa za ka gasa ko mota?" Ya juya ga Kawu. "Alhaji, hayaƙin ga na sa hawaye?"

"Malam, mu mutanen Aliero ne. Hawaye ba shaida ba ne wurinmu."

Tsohon ya sa aka sake turawa, ya tara tafin hannu a bakin salansa, ya shinshina. Warin ɗanyen gas, in ji shi. Ya kashe ta, tun inji bai yi zafi ba ya buɗe lagireto: ruwa cike. Ya zaro sandar baƙin mai: baƙi wuluk, bai koma kalar shayi da madara ba.

Sai ya yi mana karatu a tsaye. Injin gas ba shi da fulogin da ke kyasta wuta. Iska yake matsewa har ta yi zafin da zai kunna man da nozul ya fesa. Idan ƙarfe ya kwana cikin sanyi, yakan shanye zafin, man ya fita bai ƙone ba, shi ne farin hayaƙi mai yaji a ido. Don haka aka sa wa irin wannan inji hita, guda a kowace silinda. Da gasket ne ya ƙone, da hayaƙin tururi ne, ba ya ɗaukewa don inji ya ɗumama, ruwan lagireto kuma ya riƙa raguwa. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa, baƙi kuwa gas ya yi wa iska yawa. In hita lafiya take, sai a tuhumi nozul, saitin famfo, ko ringi da ya gaji.

Ya kwance hita huɗun, ya jona kowace da batir. Biyu suka yi ja, biyu ko gezau. Ya tambayi direba ko yana jiran fitilar hita ta mutu kafin ya tayar. Direba ya ce shi a tunaninsa ado ce.

Aka ɗora ni kan kabu-kabu na koma Jega sayo hita, hannu ɗaya a kumbure. Kuɗinsu bai kai na filta da gas ɗin da aka tsiyaye ba, ban da tukuici. Washegari direba ya jira fitila, Kanta ta tashi bugu ɗaya, ɗan hayaƙin da ta yi bai kori ko kaza ba.

Da muka dawo Aliero, garin da ake zuwa daga nesa neman ɗori, Kawu ya kai ni wurin maɗori da kansa. Ana jan hannun ina ihu, shi yana lissafi da yatsu. Da ya gama ya dube ni ya ce: "Ɗana, ka gode Allah kai ne ka faɗi ba inji ba. A garin ga gyaranka ya fi arha."