Tafiyar Cikin Gida Mai Cin Awa Goma Sha Ɗaya

Bafaranshen da ya hau jirgi daga Faris zuwa tsibirin Réunion zai shafe kusan awa 11 a sama, ya ratsa fiye da kilomita 9,000, ya ci abincin dare, ya yi barci, ya farka wuyansa a sanƙare, amma a idon hukuma ko ƙofar gida bai fita ba. Tsibirin yana cikin Tekun Indiya, gabas da Madagaska, kuma tun 1946 ya zama cikakken yanki na Faransa. Kuɗinsu yuro, shugaban ƙasarsu yana zaune a Faris. Katin shaidar ɗan ƙasa kawai ya ishi matafiyin.

Shi kuwa maƙwabcinsa da zai leƙa Landan, tafiyar da ba ta kai kilomita 350 ba, wadda jirgi ke gamawa cikin awa ɗaya da 'yan mintuna, sai ya nemo fasfo, domin tun 2021 Birtaniya ta daina karɓar katin shaida daga yawancin baƙin Turai.

Agogo ma ba ya ƙyale mai zuwa Réunion. In ya tashi a watan Janairu, zai tarar sun riga Faris da awa uku. Ya baro gida cikin jibgegiyar rigar sanyi, ya sauka filin jirgin Roland Garros ana tsakar zafi, gumi na tsatstsafo masa, yana jan akwati cike da safa da hular sanyi.