Kun Sha Karkashi, Amma Kun San Shi?

To, 'yan Tudun Wada, an ce kuna cewa duk mai tsugunawa yana leƙen furen ciyawa ba shi da aikin yi. Madalla. Ku masu aikin yi, ga tambaya: in aka kai ku bayan gari a watan Agusta, za ku iya nuna karkashi da ransa? Ban ce garin da ake aunowa a Yankaba ba. Af, shiru ke nan?

Na san wani daga Brigade zai yi caraf ya ce, "Haba Malam, ai shi ne mai jan furen nan na gonar dawa." Sannu gwani! Wannan ƙuduji ne, wuta-wuta, mai maƙale wa saiwar dawa da gero yana tsotse su. Ka kai wa manomi shi da sunan kayan miya, ka ga yadda za ku kwashe.

Karkashi ɗan'uwan riɗi ne. Damina ɗaya yake yi, ya zubar da iri, shi ke nan sai baɗi. Jigawa yake so, kuma sau da yawa kwantawa yake yi a ƙasa maimakon ya miƙe. Ganyen yana da gashi-gashi, da faɗi a gindi, da tsini a kai. Furen ɗai-ɗai yake fitowa daga inda ganye ya haɗu da kara, kamar 'yar ƙaramar algaita, fari-fari da shunayya. Ku duƙa ku leƙa cikinsa, rawaninku ba zai faɗi ba, za ku ga layuka masu duhu sun bi shi har ciki. Kwanson kuwa ƙahoni gare shi a ka, nan ya bambanta da na riɗi.

Har yanzu da sauran musu? Tsinki ganye, ɗiga ruwa, murza. Yauƙin da zai bi yatsunka ya ishe ka shaida. Da shi iyayenmu mata ke wanke kai tun kafin shamfu ya shigo kanti.

Kada ku fake da cewa siminti ya cinye unguwa. Ba sai kun je ɗaya Tudun Wadar ta Dankadai kusa da dajin Falgore ba, gefen gonakin hanyar Gezawa ma ya wadatar. In abin ya gagara, ku ɗauki kakarku a Adaidaita Sahu ku tafi tare. Daga nesa za ta nuna muku shi, ta kuma yi muku dariya kyauta.